Tsuntsayen Zariya

Tsuntsayen Zariya su ne nau'o'in tsuntsayen gari da na daji da ake samu a Zariya da kewayenta, a Jihar Kaduna da ke arewacin Najeriya, musamman a Samaru, Sabon Gari, bakin kogunan Kubanni da Galma, da duwatsu irin su Kufena. Yankin na cikin wuraren da aka fara rubuta tsuntsayensu dalla-dalla a Arewa, tun cikin shekarun 1960, jim kaɗan bayan buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Da yawa daga cikin tsuntsayen ba mazauna dindindin ba ne. Wasu damina ke kawo su daga kudu, wasu kuma hunturu ke kawo su daga Turai bayan sun tsallako hamadar Sahara, don haka abin da mutum zai gani a Zariya ya danganta da watan da ya duba.

Yanayin wurin

Zariya tana kan tudu mai tsayin sama da mita 600 daga matakin teku, a yankin dajin savana na arewacin Gini, wato tsakanin kurmin kudu da sahel na arewa. Ruwan sama na sauka daga wajen Mayu zuwa farkon Oktoba, kimanin milimita 1,000 a shekara, sannan iskar hunturu ta biyo baya daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sai zafin bazara a Maris da Afrilu.

Cikin ɗan ƙaramin fili ana samun mazauni iri-iri: gonakin dawa da masara masu ɗorawa, kaɗanya da kuka a tsakaninsu; fadamu da lambunan rani a bakin Galma; madatsar ruwan jami'a a kan Kubanni; kwazazzabai da zaizayar ƙasa ta haƙa; da manyan itatuwan maɗaci, mangwaro da darbejiya na harabar jami'a da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda asalinta tashar gwajin noma ce da aka kafa a 1922. Cikin birni kuwa akwai rimi, itacen da aka san Zariya da shi.

Mazauna gari

Tsuntsayen da ba sa barin gari su ne waɗanda kowa ya sani. Kurciya, hasbiya, hankaka, gwara da koji suna ko'ina daga kasuwar Sabon Gari zuwa ɗakunan kwanan ɗalibai a Samaru. Marai kan rataya sheƙunansa da yawa a kan itace guda, sau da yawa kusa da gidajen mutane ko bakin ruwa. Baiwar Allah, ƙaramar tsuntsuwar nan da namijinta ja ne, takan shigo har tsakar gida tana tsintar tsaki inda ake surfe. Sha-kauci na bin furanni, kuma sunansa ya faɗi sana'arsa. A shinge da ciyayi masu duhu akwai ragon maza da suda, a gonaki akwai makwarwa, da dare kuma mujiya.

A Dutsen Kufena da makamantansa akwai tsuntsayen da ba sa rabuwa da dutse, kamar kazar dutse (Ptilopachus petrosus), wadda aka fi jin kukanta da asuba fiye da ganinta.

Baƙin damina

Shamuwa (Ciconia abdimii) ce fitacciya a wannan rukuni. Takan iso ƙasar Hausa gab da saukar ruwan farko, ta yi sheƙa a kan manyan itatuwa cikin gari, ta ƙyanƙyashe, sannan idan damina ta ja baya ta koma gabashi da kudancin Afirka. Abincinta fara ce, tsutsotsi da sauran ƙwari, abin da ya sa ta zama mai amfani ga manomi. Hausawa na ɗaukar zuwanta alamar ruwa ya kusa, kuma bisa al'ada ba a harbinta ba a taɓa sheƙarta. An ba ta sunan kimiyya a 1823, daga sunan wani gwamnan daular Turkawa a ƙasar Sudan mai suna Abdim.

Ba shamuwa kaɗai ke bin ruwa ba. Shirwa da balbela ma sukan matsa arewa da damina, su gangaro kudu da rani. Cilakowa mai launin toka kan ratsa sama cikin jerin garke sau biyu a shekara, zuwa arewa a farkon damina, zuwa kudu bayan kaka. Akwai kuma wani nau'in yautai da namijinsa ke fitar da dogon gashi ɗaya a kowane fiffike lokacin neman mace, har idan yana tashi da magariba sai a ɗauka wasu ƙananan tsuntsaye biyu ne ke bin sa.

Ƙarshen damina ne lokacin ado. Namijin zalaidu, wanda a sauran watanni ba a bambanta shi da gwara sai an lura, yakan fito da doguwar jela da launi mai ɗaukar ido.

Masu tsallako Sahara

Daga Satumba zuwa Oktoba tsuntsayen da suka yi ƙwai a Turai da yammacin Asiya kan fara isowa, su yi ci-rani har zuwa Maris ko Afrilu. Cikinsu akwai Motacilla flava, ɗan tsuntsu mai rawayan ciki da ke bin shanu a fadama yana kaɗa jela; Saxicola rubetra, mai son zama a kan karan dawa bayan girbi; tsattsewar Turai (Hirundo rustica); da tsuntsayen bakin ruwa masu dogayen ƙafafu da ke kiwo a laka idan ruwan madatsa ya ja.

Abin mamaki a nan shi ne girman tafiyar idan aka kwatanta da girman matafiyin. Wasu daga cikinsu nauyinsu bai wuce giram 10 ba, amma sai sun ratsa hamada mai faɗin kilomita 1,500 zuwa 2,000 inda babu abinci babu ruwa. Guzurinsu kitse ne. Kafin su tashi komawa arewa sukan shafe makonni suna cin ƙwari da 'ya'yan itace, har wasu su ƙara rabin nauyin jikinsu ko fiye. Shi ya sa fadamu da gonakin arewacin Najeriya ke da muhimmanci gare su: idan fari ya cinye abincin da ke nan, tsuntsun da ya tashi da ƙarancin kitse ba ya kaiwa gaɓar Bahar Rum. Masana sun auna nauyin irin waɗannan tsuntsaye a Malamfatori da ke bakin Tafkin Chadi a ƙarshen shekarun 1960, kuma ɗaya daga cikinsu, Hilary Fry, tsohon malamin jami'ar Zariya ne.

Binciken da aka yi a Samaru

A 1964 aka kafa Ƙungiyar Masana Tsuntsaye ta Najeriya. Jagororinta sun haɗa da John Elgood na Jami'ar Ibadan da Robert Sharland da ke zaune a Kano, shi kuma Fry, wanda ke koyar da ilimin dabbobi a Samaru, ya zama editan mujallarta na farko. A 1965 ya wallafa jerin maƙalu huɗu a mujallar kan tsuntsayen Zariya, inda ya raba su zuwa masu ƙaura cikin Afirka, masu zuwa daga Turai, da mazauna. Wannan jeri ne ma'aunin da mai bincike na yau zai iya kwatanta abin da ya gani da shi. Daga baya ƙungiyar ta faɗaɗa zuwa Afirka ta Yamma baki ɗaya, kuma tun 1979 mujallarta ke fitowa da sunan Malimbus. Fry ya koma Jami'ar Aberdeen a Scotland, daga can kuma ya koyar a ƙasar Oman.

Aikin da ya fi fito da sunan Zariya shi ne na tsuntsu mai cin ƙudan zuma mai jan maƙogwaro (Merops bulocki). Wannan tsuntsu ba ya sheƙa a itace. Rami yake haƙawa a gaɓar rafi ko bangon kwazazzabo, ramuka da yawa kusa da juna. Yakan haƙa a ƙarshen damina tun ƙasa na da laushi, sannan ya jira sai wajen Janairu ko Fabrairu ya yi ƙwai. Ta hanyar sanya wa tsuntsayen zobe a ƙafa don gane kowannensu, Fry ya nuna cewa ba iyaye kaɗai ke ciyar da 'ya'ya ba: a ramuka da dama akwai mataimaka, galibi 'ya'yan bara da ba su yi nasu ƙwan ba, suna kawo wa ƙannensu abinci. Ya kuma bayyana yadda tsuntsun ke buga kan ƙudan zuma a reshe, ya goga bayansa har dafin ya fita kafin ya haɗiye. Ya wallafa littafi kan dangin wannan tsuntsu a 1984.

Bincike na biyu na Robert Payne ne daga Jami'ar Michigan ta Amurka, kan ƙananan baƙaƙen tsuntsaye masu sheƙi na jinsin Vidua, 'yan'uwan zalaidu. Su ba sa renon 'ya'yansu. Macen kan saka ƙwanta a sheƙar baiwar Allah ko wata danginta, kuma ɗan da ya fito yana da tabo a cikin baki irin na 'ya'yan mai sheƙar, don haka ake ciyar da shi tare da su ba tare da an gane ba. Idan namiji ya girma, kukan mariƙansa yake kwaikwayo, macen ma wadda irin waɗannan mariƙa suka rena shi take zaɓa. Da yake nau'o'in sun yi kama sosai a ido, ta kuka aka fi rarrabe su. A 1982 Payne ya bayyana nau'in Vidua larvaticola daga samfurin da aka samo a Zariya, kuma sunan da ake kiransa da shi a Turanci na ɗauke da kalmar "barka".

Sunaye a Hausa

Hausa na da sunayen tsuntsaye masu yawa, kuma ƙamus ɗin G. P. Bargery na 1934 ya tattara da dama daga cikinsu. Wasu siffa suke nunawa ko ɗabi'a, kamar jan baki, sha-kauci, kazar dutse da ragon maza. Sai dai rabon sunayen bai zo daidai da na kimiyya ba. Kalmar kurciya ta haɗa nau'o'i da yawa, haka mujiya, tsattsewa da shaho, yayin da makwarwa da fakara sunaye biyu ne na tsuntsu ɗaya gwargwadon karin harshe.

Giɓin ya fi yawa a ƙananan baƙin hunturu masu launin ƙasa, waɗanda akasari "tsuntsu" kawai ake ce musu. Wannan ba gazawar harshe ba ce. Mutane sun fi raɗa suna ga abin da suke ci, ko yake ci musu amfanin gona, ko yake nuna musu lokaci. Abin lura kuma, aku da ke ba da labarai a Magana Jari Ce na Abubakar Imam, littafin da aka rubuta a Zariya, ba tsuntsun dajin Zariya ba ne. Ɗan kurmin kudu ne da fatauci ya kawo Arewa a keji.

Raguwa

Babu tsuntsun da ɓacewarsa ta fi fitowa fili kamar ungulu (Necrosyrtes monachus). A da ba a raba ta da mahauta da kasuwannin garuruwan Arewa, tana cinye mushe da ragowar yanka kafin su ruɓe. Yanzu akwai matasa da yawa da suka san ta a karin magana kawai. A 2015 ƙungiyar IUCN mai lura da halittu ta sanya ta cikin rukunin da ke gab da ƙarewa a duniya. Manyan dalilan su ne kamawa don sayar da kai da sauran sassan jikinta ga masu maganin gargajiya da tsibbu, cin mushen da aka sa wa guba, da sare manyan itatuwan da take sheƙa. Ƙwai ɗaya take yi a lokaci guda, don haka yawanta ba ya saurin dawowa. Inda ungulu ta ɓace, aikin ya koma hannun karnuka da ƙudaje.

Gauraka, wanda ake ɗauka tsuntsun ƙasa na Najeriya, shi ma ya yi wuyar gani a dajin ƙasar saboda bushewar fadamu da kama shi don ajiyewa a gidajen masu hali. A Zariya kanta, gine-gine sun cinye gonaki da yawa tsakanin Samaru da Sabon Gari, ana sare itatuwa don itacen girki da gawayi, sannan sharar gari da yashi na kwarara cikin Kubanni.

Kallon tsuntsaye

Kallon tsuntsaye don sha'awa bai yaɗu a Zariya ba. Ɗalibai da malaman sashen ilimin halittu ne suka fi yin sa. Tun 2015 akwai shirin taswirar tsuntsayen Najeriya da cibiyar APLORI ta Jos ke gudanarwa, wanda kowa zai iya shiga. An yanka ƙasar zuwa murabba'ai masu kimanin kilomita 9 a kowane gefe. Mai sa kai zai zaɓi murabba'i ɗaya, ya shafe aƙalla awa 2 yana rubuta duk nau'in da ya gani ko ya ji, sannan ya tura jerin ta manhajar waya mai suna BirdLasser.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga fitowar rana zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar. Madubin hangen nesa na taimakawa, amma littafin rubutu da kunne mai saurare sun isa a fara. Bakin madatsar jami'a ya fi armashi daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da zalɓe, kirinjijiya da baƙin Turai ke taruwa a bakin ruwa, yayin da Afrilu da Mayu ne watannin duba isowar shamuwa. Ana gargaɗin masu kallo da kada su kusanci ramukan masu cin ƙudan zuma a watannin ƙwai, domin bangon kwazazzabo na saurin ruftawa idan aka taka samansa.