Daga 4.88 zuwa 2.73: tarihin lambar da ke ɓoye a cikin aksul ɗin motarka

1/ Jama'a, yau zaren tarihin mota na kawo muku. Yayi ya zo, duk wanda ya sayi Hilux ko Jeep sai ya cire tayoyin kamfani ya ɗora ƙatti. A hoto kam ta yi kyau. A hanya kuma ta zama raguwa, ga shan mai, ga kuloci na ƙauri. Dalilin wata lamba ce a cikin aksul, kuma lambar nan tana da tarihi. Ku biyo ni. 🧵

2/ Mu fara da lambar kanta. Farfela ce ke kai juyin inji daga giyabos zuwa aksul. A bakinta akwai ɗan ƙaramin giya, finiyon, yana juya wani babban faranti mai haƙora da kanikawa ke kira kirawun. In kirawun na da haƙora 41, finiyon na da 10, ka raba, ka samu 4.10. Ma'ana sai farfela ta juya sau 4.1 kafin taya ta zagaya sau ɗaya. Wannan shi ne rashiyo.

3/ Lamba babba: ƙarfin ja da yawa, amma gudu kaɗan, inji na ta ihu a kan kwalta. Lamba ƙarama: gudu da sauƙin mai, amma tashi da kaya ko hawan tudu sai a hankali. Duk wanda ya taɓa tuƙa keke mai giya ya san wannan cinikin. Ba ka samun biyun a lokaci ɗaya.

4/ Shekarar 1940, rundunar sojan Amurka ta nemi ƙaramar mota mai jan ƙafa huɗu, ta ce a kawo samfuri cikin kwana 49. Wani ƙaramin kamfani, Bantam, shi ya cika wa'adin. Amma Willys da Ford ne suka ƙera mafi yawa, sama da guda 600,000 kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945.

5/ Injin Willys MB ƙarfin doki 60 ne kacal. To ta yaya take jan kaya cikin taɓo? An sa mata 4.88 a aksul, wato haƙora 39 a kan 8. Aka ƙara mata giyar ƙarfi, wadda muke kira ogzileri, mai ninka juyi sau 1.97. Abin da inji ya gaza, haƙora suka cike.

6/ Da yaƙi ya ƙare, Willys ya juya wajen manoma. CJ-2A ta 1945 an tallata ta a matsayin motar da za ta ja garma da safe, ta kai amfanin gona kasuwa da yamma. Sai lambar ta haura zuwa 5.38. Ku lura fa, injin kusan ɗaya ne da na soja. Aiki ne ya canja, shi ya sa lamba ta canja.

7/ A Birtaniya, Maurice Wilks na kamfanin Rover yana amfani da tsohuwar Jeep ta soja a gonarsa. Daga nan tunanin Land Rover ya fito, aka nuna ta a Amsterdam a Afrilun 1948, da bodin alminiyam saboda ƙarancin ƙarfe bayan yaƙi. Tsoffin Land Rover da iyayenmu suka sani, yawancinsu 4.7 ne. Shi ya sa ba su da gudu, amma su ja kaya har su ja wata motar.

8/ Japan ta bi wata hanyar. Toyota BJ ta 1951, wadda aka raɗa wa suna Land Cruiser a 1954, ba ta da ogzileri sam. Babban inji aka sa mata, lita 3.4 mai silinda shida, da giya ɗaya mai ƙarfin gaske. Da haka ta hau Dutsen Fuji har zango na shida. Darasi: aksul ba shi kaɗai ke magana ba, inji da giyabos duk suna cikin lissafin.

9/ A 1970 Range Rover ta fito da injin V8, lambar aksul ta sauko 3.54, don ana son motar da za ta shiga daji kuma ta yi gudu a babban titi. Sai rikicin man fetur na 1973 ya zo, farashi ya tashi, Amurka ta taƙaita gudu zuwa mil 55 a awa, ta kuma kafa dokar rage shan mai a 1975. A shekarun 1980 akwai Jeep CJ-7 da ke fitowa daga kamfani da 2.73. Jikar motar da ta ja garma da 5.38 ke nan fa!

10/ A maƙwabtanmu ma tarihi ya gwada wannan. Janairun 1987, a Fada da ke arewacin Chadi, dakarun Chadi a kan akori-kura ƙirar Toyota suka fatattaki rundunar Libiya mai tankoki, har aka sa wa yaƙin suna Yaƙin Toyota. Makaminsu bayan bindiga shi ne sauri da rashin nauyi. Rairayi yana son taya mai juyawa da sauri. Dutse ne ke son rarrafe.

11/ Masu rarrafen dutsen su ma an ji kukansu. A 2003 Jeep ta fitar da Wrangler Rubicon: aksul Dana 44 gaba da baya, 4.10, ogzileri mai ninka sau 4, da makullin da ke tilasta tayoyi biyu su juya tare. In ka ninka giya ɗaya da ogzileri da aksul, Willys ta yaƙi tana ba da kusan 26, Rubicon mai giyar hannu kusan 66.

12/ To mu dawo kan ƙattin tayoyinmu. Taya ita ce giya ta ƙarshe. In ka tashi daga inci 31 zuwa 35, ka ƙara kusan kashi 13 cikin ɗari a kowane zagaye. Motarka mai 4.10 ta koma kamar mai 3.63. Agogon gudu na nuna maka 100, alhali kana kan 113. Wannan ba maganar kwalliya ba ce, maganar birki da rai ce.

13/ Lissafin gyara: tsohon rashiyo sau sabuwar taya, a raba da tsohuwa. 4.10 × 35 ÷ 31 = 4.63. Na kusa da shi a kasuwa 4.56 ne ko 4.88. In yawancin tafiyarka kwalta ce, 4.56. In kaya kake ɗauka ko hanyar ƙauye da damina, ni dai 4.88 zan ɗauka, don ƙatuwar taya nauyi gare ta.

14/ Abu uku kafin ka ba da kuɗi. Na ɗaya, gaba da baya dole lambarsu ta zo ɗaya, in ba haka ba ranar da ka sa ƙafa huɗu wani abu zai karye. Na biyu, yawanci lamba na hawa finiyon na ƙanƙancewa, ƙarfinsa na raguwa, don haka ƙaramin aksul ba ya ɗaukar kowace taya. Na uku, saita haƙoran aikin awo ne, ba na guduma ba. Nemi bakanike mai kayan awo, ko ka sha kukan aksul har Legas.

15/ Kana son sanin lambarka? Tare tayoyin gaba da dutse, sa giya a firi, ɗaga tayar baya ɗaya ka tokare motar da kyau. Yi alama da alli a farfela. Juya tayar sau biyu cif, kana ƙirga juyin farfela. Huɗu da ɗan ɗigo, 4.10 ke nan. Wannan na aksul marar makulli ne.

16/ Soja, manomi, mai gudun titi, mai hawan dutse, kowa lambarsa daban, don aikinsa daban. Kafin ka tambayi mai taya inci nawa, tambayi kanka wace hanya motar nan take bi kullum. Wanda ya gwada allin, ya ajiye mana lambarsa da girman tayarsa a ƙasa, mu yi lissafin tare.