Daga Sikelin Gyaɗa Zuwa Wayar Hannu: Tarihin Karatun Manya a Hanyar Maraɗi da Katsina

Duk shekara idan ranar tunawa da kafa ƙungiyarmu ta zagayo, mukan cika wannan takarda da sunayen magabata da addu'a a gare su, kuma sun cancanta. Bana shugabanni sun ba mu izini, mu da ke ofishin magatakarda, mu taɓo wani abin da muke gani kullum. Duk wanda ya buɗe rajistar ƙungiya zai tarar dangwalen yatsa ya fi sa hannu yawa. Ga shi kuma akwai shawara a gaban babban taro, cewa a buɗe ajin dare domin yaran shago da ƴan dako da direbobi, a kuma ɗauki nauyin malami a ƙauyukan da muke sayen wake da dabbobi. Kafin a ɗaga hannu, ya kamata mu waiwaya mu ga abin da aka taɓa yi.

Fatauci da rubutu sun daɗe tare. Kakanninmu da suka bi hanyar Gwanja neman goro ba sa tashi sai da madugu da jagaba, da kuma malamin ayari. Malamin shi ke jan salla, shi ke rubuta bashi da wasiƙa da ajami. Makarantar allo ta wadatar da su, domin ciniki da shaida duk da Hausa da Larabci ake yi.

Abin ya canza da zuwan Turawa. Tsakanin 1906 da 1908 Faransa da Ingila suka shata iyakar da ta bar Maraɗi a hannu ɗaya, Katsina a ɗaya. A 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano, gyaɗa ta zama kuɗi, har tamu ta nan ta riƙa bin wannan hanya zuwa Legas. Manomi yakan kai buhunsa gaban sikelin kamfani, akawu ya duba ya faɗi nauyi, ya rubuta da haruffan da manomin bai sani ba. Ko ya yarda ko bai yarda ba, ba shi da abin musu.

Ƴan uwanmu na ƙetaren iyaka suka riga mu motsawa. A 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Abubakar Imam na editanta. A shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta ɗaura Yaƙi da Jahilci, aka buɗe azuzuwan manya a ƙauyuka, Alhaji Ahmadu Kumasi mutumin Katsina na cikin jagororin aikin. Hukumar NORLA ta buga ƙananan littattafai da jaridun larduna, kamar Himma ta Katsina da Sodangi ta Kano, domin wanda ya koyi karatu ya samu abin karantawa, kada ya manta.

A nan Nijar, lokacin da aka samu ƴancin kai a 1960, yaran da ke zuwa lakwal ba su kai kashi 5 cikin 100 ba, kuma karatun duka da Faransanci ne. Gwamnatin Diori Hamani ta ga ba za a jira yaran lakwal su girma ba. A 1962 aka kafa UNCC mai kula da bashin manoma da ƙungiyoyin haɗin kai, da SONARA mai sayen gyaɗa. A wannan shekarar kuma aka fara ƙungiyoyin sauraren rediyo: mutanen gari su taru da dare gaban akwati guda, su ji shiri a kan noma ko lafiya, su tattauna, a ɗauki muryarsu a kai Yamai a watsa. Ma'aikatan animasiyo suna zaga karkara suna horar da waɗanda gari ya zaɓa. A 1963 aka buɗe ma'aikatar koyar da manya, a 1966 kuma taron UNESCO na Bamako ya daidaita yadda za a rubuta Hausa da wasu harsunan yankin.

Abin da ya fi shafarmu shi ne abin da ya faru a kasuwannin gyaɗa na Maraɗi da Damagaram daga tsakiyar shekarun 1960. An miƙa wa manoma tafiyar da kasuwar da kansu. Gari ya fitar da mai awo da mai rubutu daga cikin ƴaƴansa, aka koya musu duba sikeli da cika takardar lissafi da Hausa. A irin waɗannan wurare karatu ya kama, saboda wanda ya koyi lamba da dare zai yi aiki da ita da safe, kuma ribar da ta rage a ƙarshen kaka gari take komawa. Inda kuwa aka tara mutane ana maimaita baƙaƙe ba tare da abin yi da su ba, damina na faɗuwa aji ya watse.

Farin 1973 da 1974 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 suka karya wannan kasuwa. Alhazan Maraɗi suka juya ga wake da dabbobi da kayan da ke ratsawa zuwa Najeriya. Amma takarda ba ta ƙyale mu ba. A 1973 naira ta maye gurbin fam da sule. A watan Afrilu na 1984 aka canza launin takardun naira aka rufe iyaka, ba a buɗe ba sai 1986, mutane da yawa a ƙauyukanmu suka wayi gari da kuɗin da ba sa sayen komai. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Kowane karo, wanda ya ji labari da wuri kuma ya iya lissafin canji shi ya tsira da jarinsa.

Darasi na gaba daga mata ya zo. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi. Mata kan haɗu kowane mako, kowace ta zuba ɗan abin da aka yanke a akwati, a ba mai bukata rance, a raba a ƙarshen zagaye. Ba a kawo musu jari daga waje ba, tsari kawai aka koya musu, a kan asusun da suka gada. Yau ana bin wannan tsari a ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. A 2009 kuma ƙungiyar CRS ta gwada haɗa karatun manya da wayar hannu a ƙauyukan Dosso da Damagaram. Waɗanda aka koya wa rubuta saƙo a waya sun fi sauran cin jarrabawar rubutu da lissafi, tun da yake suna da abin da ke sa su maimaita kullum.

Yanzu mu dubi inda muke. An rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufewa a 2023. A farkon 2023 tsabar naira ta yi wuya, ciniki a Jibiya da Ɗan Isa ya koma ta waya. Mu da bakinmu idan muka ce ɗari muna nufin dala ɗari, wato sefa 500, amma waya lambar da aka danna kaɗai ta sani. Takardar duwan da Faransanci take, ta kwastan da Turanci. A ofishinmu mun zauna shari'ar wani ɗan ƙungiya da yaronsa ya saki kaya bayan an nuna masa saƙon shigar kuɗi na ƙarya. Yaron ba ɓarawo ba ne, shekaru yana riƙe amana. Ya ga lambobi a waya, ya ji kunyar cewa bai iya karantawa ba. Abin da aka rasa a ranar ya isa biyan malami wata da watanni.

Mun san abin da wasu iyayen gida ke faɗa a zaure: yaro in ya iya lissafi, gobe zai buɗe nasa shagon. Gaskiya ne, zai buɗe. To amma wane alhaji ne cikinmu bai fara da baranta ba? Al'adarmu ce ubangida ya riƙe yaro, ya yi masa aure, ya ba shi jari ya sallame shi, yaron kuma ya zama abokin ciniki mai amana a wani gari. Karatu wani jari ne a cikin kayan sallamar. Haka manomin da ke sayar mana da wake: in ya iya duba awo, rigima ta ragu, kuma baɗi mu zai nema.

Abin da tarihin nan ya nuna mana shi ne yadda za a tsara ajin in an amince. A koyar da Hausa tukuna, boko da ajami, sannan kalmomin Faransanci da Turanci da ke kan takardun iyaka. Darasi ya zama rasiɗi da littafin bashi da canjin naira da sefa da saƙon waya. A yi shi da rani, bayan sallar isha'i, a bar ranar kasuwa. Malami ya fito daga cikin gari, a biya shi a kan lokaci daga asusun ƙungiya. Mata su samu nasu aji da malama. Ubangida kuma ya saki yaronsa sa'a biyu ba tare da yanke masa komai ba.

Takardar rubuta sunayen yara tana ofishin magatakarda har ranar babban taro. Wanda ba zai iya rubutawa ba ya zo ya faɗa, za mu rubuta masa, kuma in yana so mu sa nasa sunan a sama. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya buɗe mana hanya, ya sa albarka a kasuwa. Amin.