Ƙofar da Ta Ƙi Buɗewa: Tarihin Maganin Akaleshiya

A daidai inda maƙoshi, wato bututun da abinci ke bi, ya haɗu da tumbi, akwai wata tsoka mai siffar zobe. Aikinta shi ne ta saki idan loma ta iso, ta sake tsukewa bayan ta wuce. A wasu mutane jijiyoyin da ke ba ta umarnin saki sukan lalace. Sai abinci ya taru a sama, maƙoshi ya buɗe kamar jaka, mutum ya yi ta dawo da abin da ya ci yana ramewa, alhali babu ƙari ko wani abu da ya tsaya a hanyar. Wannan ita ce cutar da likitoci ke kira akaleshiya.

Bayani na farko da ake jinginawa gare shi na Thomas Willis ne, likitan Ingila, a 1674. Ya samu wani mutum da yunwa ke neman kashewa ga abinci a gabansa. Sai ya haɗa masa sanda da ƙashin wel, wannan ƙatuwar dabbar teku, ya ɗaura ɗan soso a bakinta. Idan mutumin ya ci abinci, sai ya zura sandar ya tura lomar da ƙarfi zuwa tumbi. Shekara 15 ya yi yana cin abinci a haka. Abin na iya ba mai karatu dariya, amma a ganina Willis ya gane inda matsalar take tun kafin a sami na'urar da za ta nuna ta.

Sama da shekara 200 aka yi ana faɗaɗa wurin kawai. A ƙarshen ƙarni na 19 aka fara zura jakar roba ana hura ta, kuma jikanyarta, balan-balan ɗin da ke yaga tsokar da gangan, tana aiki har gobe. A lokacin ana ɗauka tsokar ɗaurewa take yi fiye da kima. Arthur Hurst ne ya nace cewa sakewa ce ta gagare ta, ya yaɗa sunan akaleshiya daga Girkanci, ma'ana rashin saki.

A 1913 Ernst Heller ya yi tiyata a Laifzig ta Jamus, inda ya tsaga tsokar ta gaba da ta baya ba tare da ya huda fatar cikin maƙoshin ba. Zaaijer na Holan ya nuna a 1923 cewa tsaga ɗaya ta wadatar. Daga farkon shekarun 1990 aka koma yin ta ta ƙananan huji a ciki. A shekarun ne kuma aka gwada allurar Botox, sai dai amfaninta kan gushe cikin watanni, don haka an fi ajiye ta ga tsofaffi da waɗanda jikinsu ba zai ɗauki tiyata ba.

A 2008 Haruhiro Inoue na Japan ya yanke tsokar ta baki, da bututu mai kyamara, babu tabo ko ɗaya a jiki. Duk da haka babu ɗaya cikin hanyoyin nan da ke farfaɗo da jijiyoyin da suka mutu. Raunana ƙofar kawai suke yi. Ƙofar da aka raunana kuwa ba ta hana ruwan tumbi hawowa, shi ya sa masu tiyatar Heller kan naɗe wani sashe na tumbi a wurin, kuma ƙwannafi ya fi yawa bayan aikin Inoue, wanda ba a saba haɗa shi da naɗin ba.