Tarihin Gyaran Gidan Ƙasa a Biranen Hausa

A tsofaffin birane irin su Kano, Zariya, Katsina da Damagaram, gidan ƙasa bai taɓa zama abin da ake ginawa a ce an gama ba. Da tubali ake tayar da shi, wato curin ƙasa da ake mulmulawa da hannu a shanya a rana, a rufe shi da azarar giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, sannan a ɗora ƙasa a kai. Irin wannan gini yakan ga jikoki har da tattaɓa-kunne, amma bisa sharaɗi: abin da damina ta zaizaye, dole rani ya mayar.

Saboda haka gyara yana da lokacinsa. Bayan kaka ake farawa, sa'ad da hatsi ya shiga rumbu, manoma kuma suka samu sararin yin ƙodago. Jakai ne ke kwaso ƙasa daga kududdufi, kuma da yawa daga kududdufan cikin birni ramuka ne da gini ya haifar. Sai a jiƙa ƙasar, a zuba ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta kwanaki ta tsima kafin magini ya taɓa ta.

Tsakiyar aikin ita ce mafi wahala ga mutanen gida, domin ba a tashi a bar wa magina gida. Idan aka yaye rufin ɗaki don sauya azarar da ta ruɓe, kayan mai ɗakin, da jeren kwanukanta da gadonta, sai su koma ɗakin wata ko shigifa. Tsakar gida ta cika da kwaɓi, murhu ya koma lungu, ƙurar hunturu ta haɗu da ta rusau. Ga kuma batun kulle: magina maza ne, wurin aikin kuwa na mata ne, don haka ba a shiga sai da sallama da izinin maigida. Idan magini zai hau soro kuma, sai an sanar da maƙwabta. Duk da haka wannan hargitsi yana da iyaka, kuma ba maigida ne ya sa ta ba. Hadarin farko ne. Wanda ruwa ya tarar da ɗakinsa a buɗe ya yi asarar aikin shekara.

Rufewar aiki ita ce yaɓe da gyaran indararo. Mai ƙaramin ƙarfi yakan shafe bango da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa. Mai hali kuwa laso yake sa wa soronsa, haɗin katsi daga marina, da gashin jima daga majema, da dafara. Wannan haɗi ya nuna yadda sana'o'in birni ke cin gajiyar juna: sharar marini da ta majemi ita ce siminitin magini. Daɓen ɗaki aikin mata ne, a gayya suke yin sa, da madaɓi da waƙa.

Gini sana'ar gado ce, ƙarƙashin Sarkin Magina. Wanda ya fi shahara shi ne Babban Gwani Malam Mika'ilu, da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim (1834–1846). A Agadas, itatuwan da suka leƙo daga jikin hasumiyar masallaci, mai tsawon mita 27, matakala ce ta masu yaɓe: tun ranar gini aka tanadi hanyar gyara.

Kwanon rufi da siminti sun shigo ne a zamanin Turawa, amma sai bayan 'yancin kai suka bazu. Kamfanin siminti na Sakkwato ya fara aiki a 1967, kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji na 1974 suka biyo baya, ginin bulo ya zama alamar arziki. Daga nan ma'anar gyara ta sauya. A da ana mayar da abin da ya lalace ne, yanzu kuwa rushewa ake yi ɗaki-ɗaki a tayar da bulo. Ƙasa da ciyawa kusan kyauta ne, siminti da rodi sai da kuɗi a hannu, shi ya sa aikin da a da yake ƙarewa cikin rani guda yanzu yakan tsaya a linta shekara da shekaru, iyali na zaune tsakanin yashi da tsohon bango. Rabon gado ya ƙara dagula lamarin, don kowane magaji da ƙarfin aljihunsa yake gyara kasonsa.

Mafi munin dabarar wannan zamani ita ce yi wa bangon ƙasa filastar siminti. Ido yana ganin kyau, amma siminti ba ya kama ƙasa sosai. Da ya tsage, ruwa ya shiga bayansa ya rasa hanyar fita, tubali ya jiƙe a ɓoye har bango ya zube ba gargaɗi.

Tsohuwar hanyar ta fi wanzuwa yanzu a fadojin sarakuna, da gidajen tarihi irin su Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da tsohon birnin Agadas, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2013. Ko a can ma kayan aiki na wuya, domin giginya ta ragu, marina da yawa sun mutu, katsi kuma ya tafi da su.