Ciwon Saiwa a Gandun Roban Hawthornden

Kafin 1984, shekarar da aka fara gina unguwar Wangsa Maju a Kuala Lumpur ta Malesiya, inda benayen nan suke tsaye a yau gandun roba ne mai suna Hawthornden. Ya taɓa zama mallakin Loke Yew, attajirin kuza, wanda zazzaɓin cizon sauro ya yi ajalinsa a 1917, aka binne shi a cikin gandun. Ragowar itatuwan suna nan a tsaunin Bukit Dinding, inda nakan je motsa jini ran Asabar, kuma a can nake karanta tarihin unguwar, a gindin itace.

Roba baƙuwa ce a ƙasar nan. A 1876 Henry Wickham ya kwaso iri 70,000 daga Barazil zuwa lambun Kew na Ingila, shekara ta zagayo aka kai dashe 22 Singafo. Turawan jihar Salango kofi suka fara nomawa, sai da tsatsar ganye da karyewar farashi suka kwantar da shi a shekarun 1890 kafin su saurari Henry Ridley, shugaban lambun Singafo, wanda ya daɗe yana yi musu tallan roba. Shi ne kuma a 1904 ya fara ba da labarin ciwon da zai addabi itacen, ciwon farar saiwa.

Funfuna ce, amma ta ƙarƙashin ƙasa. Da aka sare dajin, kututturan aka bari suna ruɓewa a tsakanin dashe, a jikinsu take kwana tana tashi, daga nan ta bi saiwa ta kama ta maƙwabciya. Abin takaicin, itacen ba ya nuna komai da wuri. Ran da ganye ya ɗashe, ya yi rawaya ya fara zuba, to bakin alƙalami ya bushe. Na taɓa tone gindin wata itaciya da ta faɗi a tsaunin da tsinken itace: ga fararen zare sun manne wa saiwa, sun yi rassa, ba sa gogewa da yatsa. A kan kututturen kuma wasu faya-fayai ne jere bisa juna, samansu ruwan lemo, ƙasansu ja-ja.

Maganin kuwa gumi ne, gumin leburori Tamil da aka ɗebo daga kudancin Indiya. Su ke bin layi itace bayan itace, su buɗe gindi da hannu su duba. Wanda ya kamu a datse saiwar, a kankare, a shafa kwalta. Wanda ya mutu a tumɓuke shi a ƙone, a gina rami a kewaye wurin don kada saiwa ta taɓa saiwa. Littattafai sunan manaja suke kawowa, amma a ganina idon da ya san ciwon na mai tonon ne. Cibiyar binciken roba da aka kafa a Kuala Lumpur a 1925 ta zo da sauƙi daga baya: a barbaɗa farar wuta a ramin dashe, a shuka wake mai yaɗo tsakanin layuka don kututture ya ruɓe da sauri.

Ciwon ganye ma akwai, wata farar ƙura da ke kama sabon toho bayan itacen ya zubar da tsohon ganye wajen Fabrairu, ita ma farar wuta ake busa mata. Ga gara. Wanda aka fi tsoro dai bai taɓa isowa ba, wato ƙunar ganye ta Kudancin Amurka, wadda ta durƙusar da gandun da Henry Ford ya kafa a Barazil a 1928. Har gobe Malesiya na tsaurara tsaro kan duk tsiron da ya fito daga can. Mu da iyayenmu suka ga yadda kuturtar gyaɗa ta yi wa Kano a 1975, ba sai an yi mana bayanin wannan tsoro ba.

Yanzu noman unguwar ya koma tukwane a barandar bene. Wata dattijuwa 'yar Malesiya da muke hawa ɗaya tana da furanni masu ruwan shuni, ni kuma yakuwa. Da nata suka fara yaushi, ba ta nemi maganin feshi ba. Kife tukunyar ta yi a tafin hannu, ta sansana ƙasar, ta yanke saiwar da ta yi baƙi, ta ce ruwa ne ya yi yawa. Mahaifinta tsagar roba ya yi har ya tsufa.