Daga Layi Zuwa Lungu: Tarihin Faɗaɗar Mubi

Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. To bari mu waiwaya mu ga yadda garin nan da ya karɓi iyayenmu ya girma, da kuma inda titunansa suka dosa.

Mubi ta kafu ne a bakin kogin Yedzaram, a gindin duwatsun Mandara, cikin ƙasar Gude da Fali da Fulani. Jamusawa suka fara mulkinta, Turawan Ingila suka karɓe a lokacin Yaƙin Duniya na Farko. A 1961 aka yi ƙuri'ar raba-gardama, Arewacin Kamaru ya zaɓi Nijeriya, Mubi ta zama hedkwatar Lardin Sardauna. Daga nan sai Jihar Arewa maso Gabas a 1967, Gongola a 1976, Adamawa a 1991. Kowane sauyi da ma'aikatansa da baƙinsa. Ga kasuwar shanu, ga hanyar Sahuda zuwa Kamaru, ga Kwalejin Fasaha ta Tarayya, sannan Jami'ar Jihar Adamawa a 2002. Baƙo kuwa ai sai da masauki.

Sunan unguwarmu ma darasi ne. Layi na nufin an ja hanya tukuna, gidaje suka bi ta. Haka Turawa suka yanka Sabon Garin Kano wajen 1913, titi na ratsa titi, in nan ya toshe ka bi can. Amma da gari ya ci gonakin bakinsa, sai al'amarin ya juye: gini ke zuwa da fari, hanya ta samu abin da ya rage. Mai gona ya yanka fuloti ya sayar, wannan ya ci taku biyu na hanya, wancan ya ƙara shago, sai a wayi gari layi ya zama lungu, lungun ma ba ya ɓullewa. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna, amma gini ya fi awo sauri.

Ba mu kaɗai ba ne. Wani bincike da Barrington-Leigh da Millard-Ball suka fitar a 2020 ya nuna cewa tun 1975, a yawancin manyan ƙasashen duniya, sababbin tituna na ƙara rashin haɗuwa da juna. A Amurka da gangan ake toshe ƙarshen titi. A nan kuwa haɗama da sakaci ne ke toshe shi.

Me ya dame mu da wannan? Motar kashe gobara ba ta shiga lungu. Mai naƙuda sai an tallabo ta zuwa bakin titi. Inda babu hanya babu kwata, ruwan damina sai ya kwana cikin gida. Waɗanda suka ga gudun hijirar Oktoban 2014, lokacin da 'yan Boko Haram suka shigo gari, sun san darajar hanya mai ɓullewa.

Gida ana rushewa a sake, amma hanya in ta karkace, haka jikoki za su gada. Saboda haka duk mai sayen fuloti ya tambayi faɗin hanya kafin kuɗin fili, masu unguwanni kuma kada su shaida cinikin da ya cinye layi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.