Dashen Bayan Gida

Dashen bayan gida magani ne da ake tace kashin mutum mai lafiya, a zuba shi cikin hanjin majiyyaci ta dubura ko ta kafso, domin dawo da bakteriya masu amfani da magungunan kashe ƙwayoyin cuta suka ƙarar. An fi yin sa ga masu fama da zawon da bakteriyar Clostridioides difficile ke haddasawa, mai tafiya yana dawowa.

Likita Ben Eiseman ya gwada wannan dashe a Amurka a 1958. Tantance mai bayar da kashin wajibi ne: a 2019 wani majiyyaci ya rasu bayan an dasa masa kashi mai ɗauke da bakteriyar da ba ta jin magani.